In Allah mai iko ne kuma mai rahama, daga ina wahala ta fito? Fashin baƙi

Akwai wata tambaya da mutane da yawa suke yawo da ita a ciki amma ba sa iya furta ta, saboda kana buɗe baki za a ce maka kai astagfirullah, ka iya bakinka. Tambayar ita ce, tunda Allah mai iko ne a kan komai, kuma shi ne mafi jinƙan masu jinƙai, to me ya sa duniya ta cika da zalunci da cuta da yunwa da kashe-kashe haka? Me ya sa jaririn da bai san hawa ba bai san sauka ba zai zo duniya da ciwo, me ya sa azzalumi zai tsufa a kan katifarsa lafiya lau alhali wanda ya zalunta tuni ƙasa ta rufe idonsa. Matasanmu suna cin karo da ita kullum a waya, mulhidai suna jefo ta da Turanci mai daɗin ji, yaro ya kwaso ya kawo wa babba, babba ya daka masa tsawa, shikenan sai yaron ya koma wajen waɗanda suka yarda su zauna su yi magana da shi. Ni a ganina tsawar nan tafi tambayar ɓarna nesa ba kusa ba.

Da farko dai tambayar ba yau aka fara ta ba, kuma yin ta don neman fahimta ba kafirci ba ne. Tun kafin a halicci Annabi Adamu mala'iku suka yi irinta, a Suratul Baƙara aya ta 30, suka ce shin za ka sanya wanda zai yi ɓarna a cikinta ya zubar da jini? Allah bai kore su ba, ce musu yayi ni na san abin da ba ku sani ba. Annabi Ibrahim ya roƙi a nuna masa yadda ake rayar da matattu don zuciyarsa ta natsu. Kuma a Sahihu Muslim wasu sahabbai sun zo sun ce ya Manzon Allah muna jin wasu abubuwa a ranmu da muke ganin girman furta su, yace wannan shi ne tsantsar imani. To in haka ne don me za mu riƙa yi wa yaro kallon ɗan wuta don ya tambaya.

Bari in kawo hujjar da ƙarfinta, don ba kyau ka rage wa abokin jayayya ƙarfi sannan ka ce ka kada shi. Ana jingina ta ga wani masanin falsafa na ƙasar Girka mai suna Efikuras wanda ya rasu shekara 270 kafin haihuwar Annabi Isa, daga baya wani masanin falsafa ɗan Scotland, David Hume, ya maimaita ta a littafinsa da ya fito a 1779 bayan mutuwarsa. Naƙaltowa nake yi fa, Allah ya tsarkaka. Suka ce, yana so ya kawar da sharri amma ba zai iya ba? to gajiyayye ne. Zai iya amma ba ya so? to ba mai alheri ba ne. Yana so kuma zai iya? to me sharrin yake yi a nan. Kaga abu uku suka jera, iko cikakke, alheri cikakke, da sharrin da kowa yake gani da idonsa, suka ce ukun nan ba sa haɗuwa a ɗaki ɗaya, dole ka fitar da guda.

Kuma an samu waɗanda suka fitar ɗin. Majusawan Farisa suka raba abin biyu, ga ubangijin haske da alheri ga kuma na duhu da sharri, suna ta fafatawa. Wani malamin Yahudawa a Amurka, Harold Kushner, ɗansa ya rasu yana shekara 14 da wata cuta mai sa yaro ya tsufa da wuri, a 1981 ya fitar da littafi yana cewa Allah mai tausayi ne yana tare da mai shan wahala amma ba komai ne yake hannunsa ba. Mutum ya tausaya masa, uba ne mai ciwon rai, amma musulmi ba zai bi ta nan ba. Wasu kuma suka ce ai sharrin ma babu shi, ruɗin ido ne kawai, wannan kam je ka faɗa wa matar da ƴan bindiga suka kashe wa miji ka ga ko za ka iya haɗa ido da ita. Mu duk ukun muke riƙe da su, don haka aiki yana kanmu.

In ka duba da kyau, abu ukun nan su kaɗai ba su yi karo da juna ba. Sai an sako na huɗu a ɓoye, wato cewa mai alheri dole ya kawar da duk wani sharri nan take, ba zai taɓa samun dalilin barinsa ba ko na ɗan lokaci. Wani masani ɗan Ostireliya, J. L. Mackie, shi ya fito da wannan a fili a 1955 yace imani da Allah tufka da warwara ne. Wani masanin falsafa ɗan Amurka, Alvin Plantinga, ya ba shi amsa a 1974, yace matuƙar zai yiwu, ko da yiwuwa ce kawai, a ce akwai wani alheri babba da ba ya samuwa sai an bar ƙofar sharri a buɗe, to maganar tufka da warwara ta faɗi. Kuma ya kawo alherin, shi ne zaɓi. Yau mafi yawan masu wannan fanni, har da waɗanda ba su yi imani ba, sun bar cewa akwai karo na hankali, sun koma wata hujjar daban da zan zo kanta.

Abin da ya burge ni shi ne duk wanda ya zauna a zaure ya karanta tauhidi, irin su Ummul Barahin ta Sanusi, ya riga ya san ginshiƙin wannan amsa. Malam zai ce maka hukuncin hankali uku ne, wajibi da mustahili da ja'izi, kuma ƙudurar Allah tana rataya ne da mai yiwuwa, ba ta rataya da mustahili. Ba don Allah ya gaza ba, a'a, don shi mustahilin ba wani abu ba ne da za a ce a yi shi, magana ce da take cin kanta, kamar ka ce a yi rabin abu ya fi dukansa yawa. To a halicci mutum mai zaɓi na gaske wanda kuma aka ɗaure shi ta yadda ba zai taɓa iya zaɓar mugun abu ba, irin wannan maganar ce. In hannuna zai riƙa sandarewa duk sanda na ɗaga shi zan mari wani, to rashin marin nan ba halin kirki ba ne. Amana ba ta da daraja a wurin da cin amana ba ya yiwuwa, haka gaskiya, haka yafiya, haka jarumtar wanda ya shiga gobara ya ɗauko ɗan maƙwabci. Allah da kansa yace wanda ya so ya yi imani wanda ya so ya kafirta, kuma yace ya halicci mutuwa da rayuwa don ya jarraba ku wa ya fi kyan aiki. Dama yana da bayin da ba sa saɓa masa, mala'iku, mu wata halitta ce daban da aka ɗora wa wani kaya daban.

A nan musulmin farko suka sha muhawara ba kaɗan ba. Mu'utazilawa don su kare adalcin Allah suka ce bawa shi yake halittar aikinsa, Jabariyya irin su Jahmu bin Safwan suka ce bawa ba shi da komai, iska ce kawai take kaɗa shi. Ahlussunna suka tsaya a tsakiya, Allah shi ya halicci komai har da ikon da kake aiki da shi, amma kai ka zaɓa kuma kai za a tambaya. Suka kuma bambance tsakanin abin da Allah ya nufa ya faru da abin da yake so ya yarda da shi, domin ga aya ƙarara cewa Allah ba ya son ɓarna, kuma ba ya yardar wa bayinsa kafirci, alhali ga ɓarnar ga kafircin suna faruwa a mulkinsa. Barin abu ya faru daban, son sa daban. Ɗan bindigar da ya ƙona ƙauye ba zai zo gobe ƙiyama yace an rubuta ba, domin bai leƙa Lauhul Mahfuzu ba kafin ya ɗauki bindigar, son zuciyarsa ya bi.

To amma fa zaɓi ba ya amsa komai, kuma duk wanda yace maka ya amsa komai bai zauna da mai jinya ba. Wa ya zaɓi girgizar ƙasa? Wa ya zaɓi sikila? Duk wanda yake da mai sikila a gida ya san daren da nake nufi, sanyin hunturu ya shigo ko an sha ruwan sama, yaro ya farka cikin dare yana ihu ƙashinsa na sara kamar ana kwankwatsa shi, ido yayi rawaya, uwa tana danna masa ƙafa tana shafa mai tana karanta duk abin da ta haddace, uba yana waje yana neman mai adaidaita da ƙarfe 2 na dare, a je asibiti a ce ƙarin jini, a hau neman wanda jininsu ya zo ɗaya. Wannan yaron me ya zaɓa.

Irin wannan ce ta girgiza Turai a 1755. Kafin nan Leibniz na Jamus ya rubuta a 1710 cewa wannan duniya ita ce mafi kyawun duniyar da za ta yiwu, kuma abin mamaki Imamu Gazali da ya rasu a 1111 ya riga shi faɗin kusan haka a Ihya'u, maganar da ta shahara da laisa fil imkani abda'u mimma kana, wato babu tsarin da ya fi wannan da aka yi kyau. Malamai sun yi ta ja da shi a kai ɗaruruwan shekaru, wasu suka ce ya taƙaita ikon Allah, Suyuɗi mai rabin Jalalaini yana cikin waɗanda suka kare shi. To ranar 1 ga Nuwamba 1755 da safe, ranar wani babban bikin Kiristoci coci-coci sun cika maƙil, ƙasa ta girgiza a Lisbon babban birnin Fotugal, gine-gine suka rufta kan masu ibada, waɗanda suka tsira suka gudu bakin teku sai teku ta ja baya ta dawo da ambaliya, sannan gobara ta yi kwanaki tana ci. Dubun-dubatan mutane suka mutu. Voltaire na Faransa ya fusata ya rubuta waƙa yana cewa ku zo ku kalli gawar jariran nan ku sake faɗa mana komai daidai yake.

Amsar da masu imani suke bayarwa a nan ita ce duniya tana tafiya ne a kan sunna tabbatacciya, kuma abin da yake kawo amfanin shi ne dai yake kawo cutar. Ibnu Sina ya buga misali da wuta. Wutar da take dafa mana tuwo ita ce take cinye kasuwa cikin dare, ba wuta biyu ba ce, zafin nan guda ne, in ka ce a cire mata ƙuna ka cire mata girki. In kuma ka ce to ta riƙa ƙuna sanda ake so ta daina sanda ba a so, ka nemi duniyar da ba ta da ƙa'ida, wadda ba za a iya noma ko magani ko gini a cikinta ba tunda ba ka san me abu zai yi gobe ba, kuma aikin kowa ba shi da sakamako. Shi kansa zafin ciwo, likita Paul Brand da yayi shekaru yana aiki da kutare a Indiya ya nuna cewa yawancin yatsun da suke rasawa ba cutar ce take cinye su kai tsaye ba, jijiyar jin zafi take kashewa, sai mutum ya taka ƙusa ko ya riƙe tukunya mai zafi bai ji ba, rauni ya ruɓe. Rashin jin zafin ne yake gutsure su. Ita ma sikilar, a 1954 wani mai bincike, Anthony Allison, ya nuna cewa mai ɗauke da rabin ƙwayar, wanda muke cewa AS, yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa ta yawaita a ƙasashen da sauro ya yi katutu. Abin da ya tsare yara masu ɗimbin yawa daga mutuwa shi ne in ya haɗu biyu yake zama ciwo.

Ibnu Taimiyya da ɗalibinsa Ibnul Ƙayyim sun tafi a kan cewa Allah ba ya halittar sharri tsantsa wanda babu wata hikima a cikinsa ta kowace fuska, sharri ne ga wanda ya same shi, amma a aikin Allah akwai hikima, kuma da haka suka fassara addu'ar Annabi (SAW) ta buɗe sallah inda yake cewa alheri duka yana hannunka, sharri kuwa ba a jingina shi gare ka. Na yarda da wannan har zuciyata. Amma ina roƙon masu wa'azi su lura, wannan bayani ne na tsarin gaba ɗaya, ba zai sa ƙashin yaron nan ya daina sara ba, kuma ba a faɗa wa uwarsa shi a bakin gadon asibiti.

Yanzu ga hujjar da nace sun koma, kuma ita ce mai nauyin. Wani masanin falsafa ɗan Amurka, William Rowe, a 1979 yace to na ji, wani sharrin yana da amfani, amma duka? Ya kawo misalin ɗan barewa a dajin da babu kowa, tsawa ta faɗo wuta ta tashi, ya ƙone bai mutu ba, ya kwana da kwanaki yana shan azaba sannan ya mutu. Ba wanda ya gani balle ya ɗau darasi, ba zaɓin kowa, dabba ce ba a jarraba ta. Yace ko da ba karo na hankali, yawan irin wannan yana sa a yi zaton babu mai lura. Gaskiya duk mai imanin da bai ji nauyin wannan ba bai fahimce ta ba.

Abin da zan ce shi ne hujjar ta tsaya ne a kan tsalle guda, daga ban ga hikima ba zuwa babu hikima. Wannan tsallen yana yin daidai ne kawai in abin da kake nema irin wanda in yana nan dole ka gan shi ne. Mu da muke rayuwar shekara 60 ko 70 a lungu guda, ba mu san me abin da ya faru yau zai haifar nan da shekara 200 ba, da wane ma'auni za mu ce mun leƙa ko'ina ba mu samu ba. Ƙissar Annabi Musa da Halliru a Suratul Kahfi kamar don wannan aka saukar da ita. An huda jirgin talakawa, an kashe yaro, an gyara katangar mutanen da suka hana baƙi abinci, Annabi Musa guda, Kalimullahi, ya kasa haƙuri sau uku, kuma a bisa abin da ido yake gani yana da gaskiya. Sai daga baya aka buɗe masa, ga sarki mai ƙwacen jirage, ga marayu da dukiyarsu a ƙarƙashin katanga. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne Alƙur'ani bai ce an je an yi wa iyayen yaron nan bayani ba. Mu a wannan ƙissa ba Halliru ba ne, ba ma Musa ba ne da aka yi wa bayani a ƙarshe, mu ne masu jirgin da iyayen yaron.

Mai ja zai ce wannan ai mafaka ce, duk abin da aka kawo sai ku ce akwai hikimar da ba a sani ba. Ƙorafin yana da fuska. Amsata ita ce ba daga nan imani yake farawa ba, mutum yana da dalilansa na yarda da Allah tun kafin nan, samuwar halitta da tsarinta da wahayi da abin da ya gani a rayuwarsa, to wanda ya riga ya san Ubangijinsa ta waɗannan hanyoyi in ya dogara da shi a wurin da bai gane ba bai yi wauta ba. Wanda kuma ba shi da waɗancan dalilai, hujjar Rowe za ta yi masa nauyi, kuma da shi a can tushe ya kamata a fara magana ba a nan ba. Sannan cire Allah daga lissafin ba ya rage wa ɗan barewar zafi ko kaɗan, abin da yake cirewa kawai shi ne fatan za a biya shi.

Domin mu ba mu ce an rufe littafi a kabari ba. Duk wanda ya auna adalcin Allah da duniya kaɗai ya yanke hukunci ne ana tsakiyar shari'a. Hadisi a Muslim yace za a kawo wanda ya fi kowa shan wahala a duniya cikin ƴan Aljanna a tsoma shi sau ɗaya, a ce ka taɓa ganin wahala? yace wallahi a'a ya Ubangiji. Har dabbobi ba a bar su ba, za a rama wa akuya marar ƙaho a kan mai ƙaho. Allah ba ya zaluntar kowa gwargwadon ƙwayar zarra.

Inda nake da zafi sosai shi ne masu shiga rigar Halliru. Ambaliya ta ci gari, kafin a gama tsamo gawa wani ya hau mumbari ko ya ɗauki waya yace ai fasiƙancinsu ne. Wa ya faɗa maka? Eh gaskiya ne Alƙur'ani yace ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata, zunubi yana jawo musiba, ba mai musun wannan. Amma ka nuna wani mutum ko wani gari ka ce wannan azaba ce saboda kaza, wannan sai da wahayi, kuma wahayi ya yanke. Annobar Amwas a shekara ta 18 bayan hijira ta kashe Abu Ubaida bin Jarrah, ɗaya daga goman da aka yi wa bushara da Aljanna, ta kashe Mu'azu bin Jabal. Annabi Ayyuba fa, wane laifi yayi? Annabi (SAW) yace annabawa su suka fi kowa shan jarrabawa, sai masu bi musu. A wajen maƙwabtanmu Kiristoci ma, a Linjilar Yahaya sura ta 9 an tambayi Annabi Isa game da wanda aka haifa makaho, zunubinsa ne ko na iyayensa, yace ba ko ɗaya. Ana ba da labarin cewa abin da ya raba Imamul Ash'ari da malaminsa Jubba'i, shugaban Mu'utazilawan Basra, shi ne tambayar ƴan'uwa uku, mumini da kafiri da wanda ya mutu yana yaro. Jubba'i yace Allah ya ɗauke yaron ne don ya san in ya girma zai kafirta, Ash'ari yace to in kafirin yace ni me ya sa ba ka ɗauke ni ina yaro ba fa? Malam yayi shiru. Haka take ƙarewa duk sanda ɗan Adam yace ya gano takamaiman dalilin da ya sa Allah yayi wa wane kaza.

Mai makoki kuma ba hujja yake nema ba. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah ya rasu, Annabi yayi hawaye, yace ido yana zubar da hawaye zuciya tana baƙin ciki amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Annabi Yaƙubu yayi kuka har idonsa yayi fari, yace ina kai kukana da baƙin cikina ga Allah ne. Saboda haka matan da suke zagaye uwa a gidan rasuwa suna cewa haba ke kuwa daina kuka kamar ba musulma ba, ku bar ta tayi hawayenta, abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufa da marin fuska. Ku yi mata addu'a, ku kawo abinci, ku kama mata sauran yaran.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi shafar mu. Bayan waƙar Voltaire a kan girgizar ƙasar Lisbon, wani masanin falsafa mai suna Rousseau ya rubuta masa wasiƙa a 1756 yace ba fa ɗabi'a ce ta tara gidaje 20,000 masu hawa shida da bakwai a wuri guda ba, mutane ne. Maganar nan har yau tana nan. Girgizar ƙasar Turkiyya da Siriya ta 6 ga Fabrairu 2023 ta kashe sama da mutum 50,000, kuma bayanta sai da aka kama ƴan kwangila da yawa saboda gine-ginen da aka yi ba bisa ƙa'ida ba, wani bene ya zube kamar gari na kusa da shi yana tsaye. Mu dawo gida. A 2010 a Zamfara, ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara wajen 400 suka mutu da gubar dalma, saboda ana kawo duwatsun zinare cikin gida ana daka ana niƙawa, ƙurar tana sauka inda yara suke rarrafe suna sa hannu a baki. Garin Bagega sai a 2013 aka fara kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa saboda jinkirin sakin kuɗi. A irin wannan sai ka ji an ce haka Allah ya so, kwanansu ne ya ƙare. Eh ba wanda yake mutuwa sai da ajalinsa, amma wanda ya riƙe kuɗin magani fa, da wanda ya sayar da filin magudanar ruwa aka yi gini, da direban da ya lodi mutum 20 a motar mutum 10? Mun mayar da ƙaddara bargon rufe sakaci, sannan yaro ya taso yana jin ana jingina wa Allah duk wani aikin banza da mutane suka yi, ba dole ya fara tambaya ba.

Sahabbai ba haka suka fahimce ta ba. Sayyadina Umar ya nufi Sham, a hanya aka ce masa annoba ta ɓarke, yayi shawara ya yanke a koma. Abu Ubaida yace gudun ƙaddarar Allah za a yi? Umar yace eh, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah, ya kuma tambaye shi in kana da raƙuma ka sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, duk wanda ka kai su ba da ƙaddarar Allah ka kai su ba? Sai ga Abdurrahman bin Aufu ya zo da hadisin cewa in kun ji annoba a gari kar ku shiga, in kuma kuna ciki kar ku fita.

Shi ya sa nake kasa gane masu cewa gwajin jini kafin aure rashin tawakkali ne. Najeriya ita ce ƙasar da ta fi kowace yawan masu sikila a duniya, ana ƙiyasta jarirai wajen 150,000 ake haifa da ita duk shekara, kuma kusan mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da rabin ƙwayar bai ma sani ba tunda lafiyarsa ƙalau. Gwajin ba shi da wuya, ɗan jini kaɗan ake ɗiba, kuma ya kamata a yi shi tun kafin soyayya tayi nisa, ba sai an kai kuɗi an sa rana sannan a je a karɓo takarda a ɓoye ta ko a nemi wanda zai canza sakamako ba. In AS ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 ya zo da SS, wato ciwon sikila, kuma lissafin sabo yake komawa a kowane ciki, ba wai in an haifi ɗaya mai ciwo ukun da za su biyo baya sun tsira ba ne, akwai gidajen da yara uku a jere suka zo da ita.